Rediyo mai memori da na saya wa Inna: darussa ashirin kan abin da muka gaskata

A watan Nuwamban da ya wuce, ana tsakiyar yankan dawa, na shiga wani shagon littattafan Kirista a Zariya don in sayi littafin waƙoƙi, sai na fito da ƙaramar rediyo mai memori a hannu. Daga lokacin zuwa yau mutum huɗu a majami'armu sun tare ni suna tambaya ko ta ci kuɗinta. Wata biyar ke nan tana aiki a ɗakin mahaifiyata. Ni ma na saurari duk abin da ke cikin memorin daga farko har ƙarshe, wasu darussan sau biyu, don haka ina ganin yanzu ina da bakin magana.

Inna ta haura shekara sittin da biyar. Ƙauyenmu yana ƙasar Malumfashi, mu ne Hausawan da ake ce wa Maguzawa. Baba ya rasu a kan al'adar kakanninsa, mu 'ya'ya ne muka riga iyayenmu shiga ikkilisiya ta hanyar makaranta. Inna sai shekara uku da suka wuce ta fara zuwa sujada, bara kuma ta ce tana son baftisma. A ɗarikarmu ta ECWA ba a yi wa jariri baftisma, miƙa shi ake yi ga Ubangiji da addu'a. Baftisma ta wanda ya furta bangaskiya da bakinsa ce, a nutsar da shi cikin ruwa, kuma kafin nan sai ya zauna ajin baftisma, sannan dattawa su yi masa tambayoyi. Nan gizo ke saƙa. Inna ba ta karatu, ajin kuwa cike yake da 'yan shekara goma sha huɗu zuwa sha bakwai, jikokinta da sa'o'insu, kowa da littafinsa da biro. Ta je sau biyu ta daina. Da na yi mata magana a waya sai ta ce, "Auta, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ni kuwa na bushe. Ka bar ni da zuwa sujadata." Maganar ta tsaya mini a rai kwana da kwanaki.

Shi ya sa da na ji murya tana tashi daga kan kantar shagon nan, wani tsoho yana bayani a kan zunubi da Hausa mai daɗi, sai na tsaya. Mai shagon ya ce koyarwar wani fasto ne da ya yi ritaya, darasi ashirin, an ɗauka an zuba a memori, suna sayarwa tare da rediyo ko memorin shi kaɗai. Rediyon naira 9,500, memorin 2,500. Na nemi ragi, ya cire mini ɗari biyar.

Ita rediyon ba ta fi tafin hannu biyu ba. Tana da farantin sola a baya, tocila a gefe, eriya, da ramin memori. Batirinta irin na tsofaffin wayoyin Nokia ne, wanda ake samu wajen kowane mai cajin waya a kasuwar ƙauye, kuma wannan babban abu ne a wurinmu. In an ajiye ta a kan danga ta wuni a rana, tana ba da magana kamar sa'a biyu da dare. In an yi mata caji da wuta takan kai kwana biyu. Muryarta tana fita tar, mutum biyar a tsakar gida suna ji ba tare da an ƙure ta ba. Amma rubutun da ke kan maɓallanta duk na Turanci ne, ƙanana kuma, duka baƙaƙe iri ɗaya. Matata ce ta kawo dabara: ta ɗiga jan farce a kan na kunnawa, ta manna guntun farin salatif a kan na wucewa gaba. Da haka Inna ta iya sarrafa ta a rana ɗaya.

Darussan suna bin tsarin da duk wanda ya taɓa zama ajin baftisma na ECWA zai gane. An fara da Littafi Mai Tsarki, littattafai 66, 39 a Tsohon Alkawari, 27 a Sabo, hurarre daga Allah, shi ne ma'aunin kowace koyarwa. Daga nan Allah, sai Yesu Almasihu, Ruhu Mai Tsarki, mala'iku da Shaiɗan, mutum da faɗuwarsa, ceto, ikkilisiya da farillanta biyu, wato baftisma da Jibin Ubangiji, a rufe da al'amuran ƙarshe. A buɗewar darasi na farko Baba Fasto, wato tsohon mai koyarwar, ya ɗan taɓa tarihi: yadda 'yan mishan Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Legas a 1893, biyun farko suka rasu cikin shekara guda, yadda aka kafa tashar farko ta ƙungiyar mishan ɗinsu, SIM, a Patigi a 1902, har ikkilisiyoyin suka tsaya da ƙafarsu da sunan ECWA a 1954. Minti biyar ya yi a kai ya wuce, kuma na ga daidai ne, domin ba tarihi Inna ta zo nema ba.

Abin da ya fara burge ni shi ne yadda ya ɗauki maganar Allah ɗaya cikin uku. Wannan ita ce maganar da ƙanwar Inna, Gwaggo, wadda Musulma ce tun aurenta na fari, takan tayar duk sanda suka zauna, cikin raha amma da gaske. Baba Fasto ya fara da Maimaitawar Shari'a 6:4, ya nanata har sau uku cewa Kirista ba ya bauta wa alloli uku, Allah ɗaya ne ba shi da abokin tarayya. Sannan ya kai mu bakin Kogin Urdun ranar baftismar Yesu, inda Ɗan yake cikin ruwa, Ruhu yana saukowa, Uba yana magana daga sama. A kan kalmar "Ɗan Allah" ya tsaya sosai, ya ce duk mai tunanin Allah ya yi aure ya haihu kamar ɗan'adam, to mu ma mun ƙi wannan magana, saɓo ce a wurinmu. Bai zagi kowa ba, bai ambaci wani addini da raini ba, ko sau ɗaya a cikin darussa ashirin. Na saurara da kunnen neman wannan musamman, domin rediyon a tsakar gida za ta riƙa magana, gidan da Kirista da Musulmi suke cin tuwo a kwano ɗaya.

Ya kawo misalin murhu, duwatsu uku tukunya ɗaya. Ina zaune ranar, na ga Inna ta gyaɗa kai ta ce, "To, ai shi ke nan, in ka cire ɗaya tukunya ta kife." Kafin ta rufe baki sai muryar ta ci gaba da cewa misalin nan gurgu ne, kada a riƙe shi da ƙarfi, domin dutse ɗaya ba murhu ba ne, amma Uba cikakken Allah ne, Ɗa cikakken Allah ne, Ruhu Mai Tsarki cikakken Allah ne, ba kashi uku aka raba ba. Inna ta yi shiru, can ta ce, "Ashe ya ƙwace abin da ya ba ni." Ni kuwa a nan na amince da tsohon. Na sha jin masu wa'azi suna kawo misalin ruwa da ƙanƙara da tururi su tafi suna murna sun warware magana, alhali sun koyar da abin da ikkilisiya ba ta taɓa yarda da shi ba. Malamin da zai ba ka sanda, sannan ya gaya maka inda take da tsagewa, shi ne na ƙwarai.

Darasi na bakwai, a kan mala'iku da Shaiɗan da aljanu, shi ne wanda Inna ta fi maimaitawa a watan farko. Wanda bai tashi a gida irin namu ba, ba zai gane dalili ba. Inna ta girma tana ganin ana yanka wa iskoki baƙin bunsuru a gindin tsamiya, ta ga 'yan bori a ɗakin kakarta, kuma har bayan ta fara zuwa majami'a akwai wata tsohuwar laya ta Baba a rataye bayan ƙofa da ba ta yarda a taɓa ba. Baba Fasto bai ce mata iskoki tatsuniya ba ne. Da ya faɗi haka da ta kashe rediyon, domin ta san abin da idonta ya gani. Cewa ya yi suna nan, halittu ne, ba su kai Mahalicci ba, kuma a gicciye aka tuɓe musu makamai, ya kawo Kolosiyawa 2:15, ya ba da labarin mutumin nan mai zama a makabarta a Markus sura 5 kamar a ƙauyen gaba abin ya faru. Ban san ranar da layar ta bar bayan ƙofa ba. Da na je Kirsimeti na tarar da ƙusar kawai, ban tambaya ba, ita ma ba ta ce komai ba.

Amma zuciyar memorin, wurin da kuɗina ya fito har da riba, darussa uku ne a kan ceto. A nan ne na gano ainihin abin da ya kori Inna daga ajin baftisma, ashe ba jin kunyar yara ba ne kaɗai. Shekara kusan talatin ta yi tana dafa giya tana sayarwa, da ita ta biya mana kuɗin makaranta. Tana lissafin mazan da suka lalace a bakin tukunyarta, ta san su da sunayensu, ta san matansu. A ranta ta ƙudurta cewa sai ta tara aikin kirki daidai da nauyin waɗannan shekarun kafin ta isa shiga ruwa, shekarun da suka rage mata kuwa ba za su kai ba. Wani dare muna zaune a tabarma, tocilar rediyon tana haska bango, Baba Fasto yana bayanin Afisawa 2:8-9, cewa ta wurin alheri ake samun ceto, ta bangaskiya, kyauta ce ba ladan aiki ba. Sai ya juya ga ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu a Luka 23, wanda Yesu ya ce wa yau za ka kasance tare da ni a Firdausi, ya yi tambaya: wane aikin kirki mutumin nan ya yi da hannuwan da aka kafe da ƙusa? Wace sadaka ya bayar? Inna ta miƙa hannu ta danna mai jan farce, maganar ta tsaya. Ta ce, "Auta, wannan ɓarawon, an yi masa baftisma?" Na ce a'a, Inna. Ta ce, "Kuma aka ce masa yau?" Na ce yau aka ce masa. Ta daɗe tana kallon ƙasa, ta share ido da bakin zane, ta ce in mayar da shi baya ta sake ji.

Ya bi wannan da tabbacin ceto, koyarwar da ECWA take riƙe da ita cewa wanda aka maya haihuwarsa da gaske yana hannun Allah, ba mai ƙwace shi, bisa ga Yahaya 10:28-29. Na san 'yan'uwa a wasu ɗariku ba su fahimci abin haka ba, kuma tsohon ya faɗi hakan a fili ba tare da ya kushe su ba. Ya kuma toshe ƙofar da masu son zuciya suke bi, ya ce duk wanda ya mai da tabbacin ceto lasisin yin zunubi, to ya binciki kansa ko ya taɓa tuba tun farko. Aikin kirki 'ya'yan itace ne, ba saiwa ba. A cikin darussa ashirin kuma ban ji ya yi wa kowa alkawarin mota ko arziki don ya ba da gaskiya ba. A zamanin da muke ciki wannan kaɗai abin a yaba ne.

To, yabon gwani ya zama dole, amma akwai inda kayan suka gaza, kuma mai saye ya kamata ya sani.

Na farko laifin masu zuba memorin ne. Sun sa wa darussan lamba 1, 2, 3 haka nan, rediyon kuwa sai ta jera su 1, 10, 11, 12 har zuwa 19, sannan 2. Mako guda Inna ta yi tana jin maganar Jibin Ubangiji da ƙunci mai girma kafin ta ji wane ne Yesu. Sai da na koma na cire memorin, na sa a waya na gyara sunayen zuwa 01, 02, 03, na sake zubawa. Wanda ba shi da ɗa mai iya wannan fa? Ga shi kuma in an kashe ta a tsakiyar darasi ba ta tuna inda aka tsaya, sai ta koma farkonsa, kowane darasi kuwa rabin sa'a ne zuwa minti arba'in. Ga tsohuwar da ake kira kowane lokaci, ga akuya ta shiga rumbu, ga jika yana kuka, da an yanka su minti goma-goma da ya fi. Darasi na goma sha huɗu, na baftisma, wanda muka fi buƙata, ya yanke a minti na goma sha ɗaya. Na koma shagon, mai shagon bai yi gardama ba, ya ba da haƙuri, amma sai da na yi sawu uku cikin mako biyu kafin a samo cikakken. A wasu darussan ana jin ƙarar janareto a baya, ba ta hana ji, sai dai tana gajiyar da kunne.

Na biyu ya shafi harshe. Hausar Baba Fasto mai kyau ce, amma ta mutumin da ya girma da tsohuwar fassarar 1932 ce, yana kuma karanta ta 1979, sai yana haɗa su. Yanzu ya ce Yohanna, an jima ya ce Yahaya. Nan Yesu Kristi, can Yesu Almasihu. Mu da muka saba ba ma ko lura. Inna kuwa ta ɗauka mutum biyu ne, har ta tambaye ni ko Yohanna ƙanen Yahaya ne. Akwai kuma kalmomi irin su baratarwa da kafara da yake wucewa da su kamar kowa ya sani. Baratarwa, wato Allah ya sanar da mai laifi marar laifi saboda wani ya biya a madadinsa, ita ce ƙashin bayan dukan maganar ceto, amma sai da na kawo mata misalin alƙali da wanda ya biya wa wani tara kafin ta kama.

Na uku, wanda ya fi damuna, rabon lokaci ne. Darasi biyar cur ya ba al'amuran ƙarshe: fyaucewa, wato ɗauke masu bi zuwa wurin Ubangiji, shekara bakwai na ƙunci, mulkin shekara dubu, tashin matattu, shari'a ta ƙarshe. Koyarwar ikkilisiyarmu ce, ban musa ba, kuma dawowar Ubangiji ita ce begenmu. Amma ya shiga lissafin makonnin Daniyel da hatimai da ƙahoni har ni da na yi makaranta na rasa inda aka kwana. Ruhu Mai Tsarki kuwa darasi ɗaya tak, a gurguje, alhali matasanmu kullum suna dawowa daga birni da tambaya a kan magana da harsuna. Ya dai faɗi matsayinmu, cewa kowane mai bi yana karɓar Ruhu tun ranar da ya ba da gaskiya, harsuna ba su ne shaida ba, amma a jimla uku ya gama. Da ni ne, da na ɗebe biyu daga na ƙarshen na ƙara a nan. Abin da Inna ta riƙe daga darussa biyar ɗin ɗaya ne: matattu cikin Almasihu za su tashi. Daga nan ta yi mini tambayar da na san tana zuwa, a kan Baba. Rediyo ba ta da amsar wannan, ba ta ma san an yi tambayar ba, ta ci gaba da maganarta. Na kashe ta, muka zauna. Na gaya mata abin da na iya, cewa ba mu san abin da ya wuce tsakaninsa da Mahaliccinsa a kwanakin jinyarsa ba, Mai shari'ar dukan duniya kuwa ba ya zalunci. Washegari na roƙi mai bisharar ƙauyenmu ya zo ya zauna da ita, ya kuwa zo, ya yi ta zuwa kowace Alhamis.

Saboda haka ga masu tambayata: ku saya. In kuna da tsoho ko tsohuwa, ko wani wanda karatu ya yi wa nisa, dubu goma sha ɗaya da ɗari biyar ɗin da na biya ba ta yi yawa ba. In akwai rediyo mai ramin memori a gida, memorin kaɗai ya isa. Amma kafin ku bar shagon ku sa a kunna muku darussan ɗaya bayan ɗaya, ku duba jerinsu, ku tsallaka zuwa ƙarshen kowanne ku tabbatar bai yanke ba. Kada kuma ku aika da ita a motar kasuwa ku ce kun sauke nauyi. Darussan da suka shiga Inna su ne waɗanda wani yake zaune kusa da ita, ni ko matata ko mai bishara, ta dakatar ta yi tambaya.

Makon jiya ta zauna gaban dattawa, su huɗu da fasto, a kan bencin majami'a. Yayata ce ta raka ta, ita ta ba ni labari a waya. Sun tambaye ta littattafai nawa ne a Littafi Mai Tsarki, ta ce sittin da wani abu, ta manta. Sun tambaye ta ma'anar shiga ruwa, ta ce binne tsohuwar ne a ta da sabuwa, amma ba ruwan ne mai wankewa ba. Sai wani dattijo, wanda a da yana cikin masu zama bakin tukunyarta, ya ce, "Iya, in kika tsaya gaban Allah yau, me za ki nuna masa?" Ta buɗe tafin hannunta biyu ta ce, "Ba ni da komai, Malam. Abin da ɓarawon nan ya nuna, shi zan nuna."

An sa baftismar ranar Asabar ta bayan Ista, a madatsar ruwa, tunda rafinmu ya ƙafe. Eriyar rediyon ta karye tun watan Fabrairu, jika ne ya ja ta, don haka ba ta kama tasha yanzu sai memori. Tana ɗakin wata maƙwabciyarmu, sa'ar Inna, wadda ta aro ta da sharaɗin za ta dawo da ita kowace magariba a sa a caji.